Bayanin da Kawu Ya Ƙi Gyarawa

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu tafiya ranar wata Talata cikin bazara, ana fitowa sallar asuba. Kafin hantsi ƙofar gidansa a Matameye ta cika, tabarmi har gindin dogon yaron maƙwabta. Daga cikin gida kana jin kukan mata yana tashi yana faɗuwa, a waje kuma maza suna ta lissafa halayensa ƙasa-ƙasa, sai ka ce suna tsoron ya fito ya ce su maimaita.

Wani tsohon ɗan kasuwa ya ce mutumin kirki ne, amma zama da shi sai an daure. Mai shayin bakin titi ya ce shekara takwas yana zuba masa shayi tun da ya aje aiki ya dawo gida, bai taɓa ganin ya zauna ya ba hanya baya ba. Wani abokin aikinsa na da ya bugo daga Yamai, Hajiya matar Kawu ta kara wayar a kunne har ta gaji, ba abin da ta ji sai shessheƙar dattijo. Amma duk wanda ya zo, in ya gama addu'a ya shafa, tambaya ɗaya yake yi a hankali, ko yayarsa za ta zo. In an yi tambayar sai idanu su juyo kaina, don yayar tasa ita ce mahaifiyata, kuma shekara goma sha shida ke nan ba ta amsa sallamarsa ba.

Babban ɗan Kawu ya ja ni bayan zaure. Tare muka tashi da shi, amma ranar ko kallon fuskata bai yi ba. Ya ce liman yana so a yi sutura tun da hantsi saboda zafi, shi ya roƙa a ɗaga zuwa azahar, don a gadon asibiti mahaifinsa ya ce in Yaya za ta zo a jira ta. Sannan ya zaro wani ƙaramin karne daga aljihu, irin littafin nan mai baƙin bango da Kawu ba ya rabuwa da shi, ya danna mini a ƙirji.

"Na karanta littattafan nan nasa duka lokacin jinya," in ji shi. "Na san abin da ka yi. Ana kiran azahar za mu ɗauke shi, da ita ko babu ita."

Ni mutum ne mai saurin baki, duk tashar Matameye an san ba a taka ni in yi shiru, amma ranar karɓar karnen kawai na yi. Don a gane dalili, dole in koma Yamai.

Kawu ɗan sanda ne, ya yi shekarunsa duka a babban birni, daga wannan komisariya, wato ofishin 'yan sanda, zuwa waccan. Ya tsaya tsakiyar titi da usur a baki, ya yi gadin kasuwa, daga baya aka mai da shi tebur inda ake ɗaukar bayanin mutane. Can ya fi daɗewa, can kuma ya samo halin da ya bi shi har kabari. Kowace magana ka kawo masa, ko ta ruwan sama ce da aka yi a Yauri, sai ya dube ka ya ce, "Gani ka yi ko ji ka yi?" In ka ce ji, sai ya tambayi daga bakin wa. Mu yaran gida har kwaikwayonsa muke yi a bayan idonsa. Hajiya takan ce shi kaɗai ne mijin da za ka ce masa gishiri ya ƙare ya nemi shaida.

Aikin bai bar masa sukuni ba. Rana ɗaya zai saurari ɓarawon waya, da matar da miji ya fasa wa baki, da uban da ɗansa ya ɓata, wani da Zabarmanci, wani da Hausa, shi kuma ya juye duka cikin Faransanci a kan takarda, ya karanta wa mutum, ya ce in haka ka faɗa sa hannu. Ga wayar manya da ke shigowa a ce a saki wane. Sau biyu yana ƙin gane irin wannan wayar, sau biyu ana mai da shi titi ya sha rana, har fatar wuyansa ta ƙone ta bar zane daidai inda kwalar riga ta tsaya. In ya dawo gida ba mai yi masa magana sai ya tsoma ƙafafu cikin roba da ruwan ɗumi, ya zauna kamar rabin awa yana kallon ƙofa. Ba ya cin abinci a unguwar da yake aiki, don kada gobe mai abincin ya zo da ƙara ya tuna masa.

Gidansa kuma shi ne masaukin mutanen garinmu. Haka al'adarmu take, duk ɗan Matameye da ya sauka Yamai, mai jinya ko mai neman takarda, gidan ɗan gari yake nufa, kuma wanda ya shiga zaurenka ya sha ruwanka ya zama amanarka. Kawu bai taɓa korar kowa ba, wani lokaci tsakar gidan ba wurin taka ƙafa. Amma in an kama maka moto, wato babur, ka zo da murna wai kana da ɗan uwa a ciki, ka yi asarar kuɗin mota. Zai gaya maka takardun da za ka kai, ya raka ka har ƙofar ofishin, ya nuna maka layi, ya juya. Mutanenmu suka riƙa cewa an yi ɗan sanda amma ba a more shi ba. Ya sani, bai kuma damu ba.

Ni na je Yamai ina da shekara ashirin da huɗu, da zafin kai da son sitiyari. Na samu wani mai taksi da ke ba ni mota da rana in ya je hutawa. Ba ni da permi, wato lasisin tuƙi. Kawu ya yi mini magana sau ɗaya, ya ce in bari har in samu, na ce to, na ci gaba da abina.

Ranar da abin ya faru, tsakar rana ce, kusa da kasuwa. Ina rige-rigen fasinja da wata taksi, wata mata ta sauko titi da tiren mangwaro a ka. Na gan ta. Na ɗauka za ta ja baya, ita kuma ta ɗauka zan tsaya. Har yau ina jin ƙarar tiren nan a kan kwalta. Na buɗe ƙofa na ga yadda take kwance, na ga mutane sun fara tahowa, sai na bar motar a kunne na ranta a na kare. Ban tsaya ko'ina ba sai zauren Kawu.

Ya dawo cin abincin rana ya tarar da ni a rakuɓe bayan randa. Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ba ni ruwa, ya sa na ci tuwo ko da ba ya wucewa, ya ce in yi alwala mu yi azahar. Da muka sallame ya tambaye ni abin da ya faru, na faɗa masa duka, ya rubuta a karne. Na roƙe shi ya sa ni motar Damagaram, daga can in tsallaka iyaka wurin dangi, kafin a gane ai ƙura ta lafa. Na tuna masa cewa ni ɗan yayarsa ne, kuma a gidansa nake. Ya sa hularsa, ya ɗaure takalmi, ya ce, "Tashi mu je."

Bai sa mini ankwa ba, bai riƙe mini riga ba. Ya wuce gaba, ni ina baya, muka ratsa unguwa a ƙafa har komisariya, kuma ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Lungu nawa muka wuce da zan iya faɗawa in ɓace? Na ƙirga su duka. Ban san me ya riƙe ni ba, ina dai kallon gumin da ya jiƙe bayan rigarsa, ina bin sa. A ƙofa ya miƙa ni ga wani abokin aikinsa, ya ce shi ba zai taɓa takardar ba tunda jininsa ne. Matar ta rasu a asibiti washegari. Aka yanke mini shekara biyu a gidan kaso.

Zuwa nan, ba abin da Kawu ya yi da zan ɓoye. Abin da ni na yi ne.

Inna, mahaifiyata, ta taso tun daga Dungu, ƙauyen da take zaune, mace da ba ta taɓa wuce Damagaram ba, ta zo gani na. Sai an san me Kawu yake a wurinta. Uwarsu ta rasu yana jariri, ita ta goye shi tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ta tauna ta ba shi, har ya yi furfura Auta take kiransa. Ta tsaya bayan wayar shingen gidan kaso, ta ga an aske mini kai, ta ga na rame, ta ce in gaya mata gaskiya, ni na kashe matar mutane? Na dubi fuskarta na kasa faɗar gaskiya. Na ce ba ni ba ne, mai motar ne ke tuƙi ya gudu, ni tsoro kawai ya kai ni gidan Kawu, shi kuma yana neman ƙarin girma, yana bukatar wanda zai miƙa. Haka ta fito daga bakina a shirye, ban ko yi tuntuɓe ba.

Daga gidan kaso ta zarce gidansa. Hajiya ta ba ni labarin daga baya. Ta ƙi shiga, ta ƙi karɓar ruwa, ta tsaya a ƙofa gaban baƙin da ke sauke a gidan, ta ce yaron da ya sha ruwan zaurenka ka sayar saboda abin maƙalawa a kafaɗa. Ta ce ta yi nadamar zanen da ta goye shi da shi. Ta rantse da Allah ba ita ba shi, ko gawarsa ba za ta gani ba. Kawu yana durƙushe a gabanta da kayan aiki a jikinsa, bai ce komai ba sai, "Allah ya huci zuciyarki, Yaya." Bayan wata huɗu kuma, ga rashin sa'a, ƙarin girman da ya daɗe yana jira ya fito, ya zama birgadiye. Shi ke nan, duk Matameye da Dungu magana ta tabbata.

Kowace Juma'a sai Kawu ya kawo mini abinci gidan kaso. Yana zuwa cikin kayan gida, ya bi layi da matan fursunoni, ya tsaya masu gadi su caccake tuwon da cokali kamar na kowa, alhali da kalma ɗaya za su buɗe masa ƙofa. Daga bakin wani mai gadi na ji cewa ya je gidan matar da na kaɗe, ya zauna zaman makoki kwana uku, ya gaya musu ko shi wane ne. Ni kuwa in ya zo ko sannu ba na yi masa da kyau, don mutumin da ka zalunta ganinsa ma haushi yake ba ka.

Ranar da na fito shi ya tare ni. A hanyar tasha na kasa daurewa, na ce ya san abin da na gaya wa Inna, me ya hana shi nuna mata takarda? Akwai sa hannuna a kai, akwai shaidu. Ya tsaya ya dube ni.

"A aikinmu, wanda ya ba da bayani shi ke gyara shi," ya ce. "In ni na gyara maka, ta rasa ɗa. In kai ka gyara, wataƙila ta samu biyu. Ina jiranka."

Ya yi ta jira kuwa. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na samu permi, na kama jigilar Matameye zuwa Damagaram. Ya aje aiki ya dawo gari, muna haɗuwa a masallaci, ya amsa gaisuwata lafiya lau, ya tambayi yara, bai sake tayar da maganar ba. Kowace Sallah sai ya hau moto ya je Dungu, ya tsaya ƙofar Inna ya yi sallama sau uku, ya aje abin da ya kawo, ya dawo. Ni kuma kullum ina cewa bari a wuce damina, bari ta warke ciwon ƙafa, bari a gama bikin wance. Kullum da dalilina, kuma ba ko ɗaya na gaskiya.

To, ga ni ranar Talata bayan zaure da karne a hannu. Na buɗe. Yawancinsa abubuwan banza ne, ranar da aka yi shuka, lokacin shan magani. Amma jefi-jefi sai ka ga layi ɗaya da rubutunsa mai tsabta, da Faransanci, Dungu, na je, ba ta amsa ba. Na rufe, na ari moto, na kama hanya.

Rana ta riga ta take. Rairayin hanyar yana ja mini taya, sau biyu na kusa kifewa, waya tana ta ruri a aljihu ban ɗauka ba. Na tarar da Inna a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. An riga an gaya mata. Idanunta a bushe suke, amma na lura ɓawon take zubawa a cikin ƙwaryar, gyaɗar kuma tana yarwa ƙasa. Na durƙusa na ce ana jiranta. Ta ce ta yi masa addu'a daga nan, rantsuwa kuma ba wasa ba ce, in tashi in koma kada a binne babu ni. Na ce shi ya roƙa a jira ta. Ta ce ai lokacin da nake bayan waya bai jira kowa ba.

Wayar ta sake ruri. Na duba inuwar rumbun, ta kusa shigewa ƙarƙashinsa. Har a lokacin, Allah ya sani, wata zuciya tana ce mini ka yi iyakar ƙoƙarinka, koma ka ce ta ƙi, wanda zai ƙaryata ka ai yana cikin likkafani.

"Inna, ni na kaɗe matar nan," na ce. "Ni ke tuƙi. Na gan ta ban tsaya ba. Kawu bai sayar da ni ba, ƙarya na yi miki."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Sannan ta tambaye ni abu ɗaya, ko ya san abin da na gaya mata. Na ce ya sani tun ranar. Ta ce duk zuwan nan da yake yi yana tsayuwa a rana, ya sani? Na ce eh. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta miƙe da kyar, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Na tayar da moto na matso, ta wuce ni kamar ba ta ga kowa ba, ta leƙa gidan maƙwabcinta ta ce ya kai ta Matameye. Suka wuce gaba, ni ina baya ina shan ƙurarsu, ba ta waiwayo ba har muka shiga gari.

Mun iso ladan ya riga ya kira, an fito da makara an jingine a zaure, maza sun fara miƙewa. Da aka ga wadda ke saukowa daga moto sai kowa ya juyo. Babban ɗan Kawu ya ɗaga wa liman hannu, ya riƙe ta ya shiga da ita. Na bi su na tsaya bakin ƙofar ɗakin, don ba wanda ya ce in shiga. Ta zauna a ƙasa kusa da kansa, ta ce a buɗe mata fuskar. Ta sa tafin hannu a goshinsa, yadda ake taɓa yaro a ji ko da zazzaɓi.

"Auta, ga ni na zo," ta ce. "Ji na yi, ban gani ba. Ka yafe mini."

Hajiya ta fashe da kuka, matan tsakar gida suka ɗauka. Inna ta mayar da likkafanin da hannunta ta ce a tafi da shi, ya sha jira. A waje liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, jama'a suka amsa baki ɗaya. Ni kuwa ban san me zan yafe ba. Na shiga cikin masu ɗaukar makara, ɗansa ya gan ni, bai hana ni ba.

Inna ta zauna kwana bakwai a ɗakin Hajiya, ta yi azumi uku na karya rantsuwarta, ta koma Dungu. Ranar da aka watse na mayar wa ɗan Kawu karnen, ya ce in riƙe, akwai sauran shafuka.

Na rubuta wannan ne don mutanen da suka sauka a gidansa suka ci tuwonsa, suka dawo suna cewa ya sayar da ɗan yayarsa. Daga bakina kuka ji, ba wanda ya gani. Ni na ba da bayanin, ga shi na gyara, a makare. Allah ya yi wa Kawu rahama, ya sanyaya masa makwanci fiye da yadda muka sanyaya masa duniya, ya jiƙan baiwar Allah mai tiren mangwaro da ban taɓa sanin sunanta ba sai a takardar kotu.

Wata biyar ke nan Inna ba ta yi mini magana ba. Tana karɓar matata, tana wasa da jikokinta, ni dai ce ba ta gani. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci nakan hau moto in je, in tsaya a ƙofa in yi sallama sau uku. Ina jin motsinta a ciki, wani lokaci har tarinta. Juma'ar da ta wuce ma na je. Na dawo na zauna a zaure, na ɗauki bik, wato biro, na buɗe karnen a ƙarƙashin layinsa na ƙarshe, na rubuta da nawa mummunan rubutun: Dungu, na je, ba ta amsa ba.